Ashe Roba Biyu Ce

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu na dawo ƙauyenmu kusa da Wagini ina jiran aiki, ba abin da zai lalace a gidanmu ban ce ni zan gyara ba. Rediyo, tocila, hannun buta, duk sun ga hannuna. Wasu sun tashi, wasu kuwa sai dai haƙuri.

Mahaifina yana noman rani a fadama, ga shi da ciwon suga. Wani ɗan gyambo ya taɓa fito masa a babban yatsan ƙafar hagu, sai da ya ci wata huɗu kafin ya rufe. A asibiti aka ja masa kunne: in ƙafar nan ta ci gaba da jiƙa a ruwan fadama, ana iya yanke ta. Shi ya sa ba ya rabuwa da dogon takalminsa na roba, wanda muke ce wa takalmin ruwa.

Wata rana da hantsi ya dawo da safarsa a jiƙe. Takalmin ya tsage daidai wajen yatsan. Ya ce da la'asar zai koma ban ruwan albasa, da takalmi ko babu, sannan ya wuce Batsari gaisuwar rasuwa. Na san halinsa, in ya faɗa ya gama.

Tun ina ƙarami nake ganin mahaifiyata tana liƙe bokiti: ta sa tsohuwar wuƙa a garwashi, ta ɗora guntun roba a kan tsaga, ta goga, ya narke ya haɗe. Na ce ai roba roba ce. Na gasa wuƙa, na danna.

Maimakon ya narke, sai ya hau hayaƙi yana marmashewa. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Na ce ƙila wuƙar ce ba ta yi ja ba, na sake gasa ta, don ni ba na barin abu ban ga ƙarshensa ba. Tsagar da yatsa ɗaya ba ya shiga ta koma ramin yatsu uku.

Mahaifiyata ta taso daga inda take sheƙar wake. "Wa ke ƙona taya cikin gidan nan?"

Na nuna mata. "Inna, yadda kike yi wa bokiti na yi."

"Oh ni! Duk bokon naka ba a hwaɗa maku roba biyu ce ba?" Ta lanƙwasa guntun bokiti, wurin ya yi fari. Ta ja bakin takalmin, ya miƙe ya koma. "Waccan wuta take so. Wannan kuwa danƙo ne, ba su shiri da wuta. Sunsuna ka ji."

Na sunsuna. Warin taya ne sak. Ashe mahaifinta facin keke ya yi, a gabansa ta tashi, ni kuwa ban taɓa tambaya ba.

Ta sa na yanko tsohon tif na tayar keke, na ɗauko sholisho, gam ɗin faci, daga jakar keken Baba. Da dutsenta na goge kaushi muka kankare wurin. Ina shafawa na kai hannu zan manna, ta buge min hannu.

"Bari shi sha iska. Sai ya yi kamar ya bushe yake kamawa."

Wannan ma ban gane dalilinsa ba, amma na janye hannuna. Muka manna ciki da waje, muka danne da turmi. Bayan azahar muka cusa busasshen tsumma, muka tsoma takalmin a baho. Tsumma ya fito a bushe.

Da Baba ya dawo ya juya takalmin ya ce, "'Yar tsaga na bari, mi ya kawo faci kamar tahin hannu?"

Inna ta ce, "Injiniyanka ne ya buɗa ta, don facin shi samu wurin zama."

Ya sa takalmin ya tafi fadama. Ni dai ban iya zama ba har ya dawo. Yana cire takalmin na durƙusa na kama safarsa. Ko laima babu.

Baba ya rasu shekaru bayan haka, da ƙafafunsa biyu. Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna ramin nan gabana faɗuwa yake, don da Inna ba ta gida, da ƙafarsa na gasa wa wuƙa. Kuma har yau ba na sayen wani abu na roba a kasuwa sai na kai shi hanci. Matata ta gaji da hana ni, yanzu matsawa take kamar ba tare muke ba.