Neman Jar Dawar Malam a Sorau

Mun tashi daga Sabon Layi ana fitowa daga sallar asuba, ni da wata malama mai binciken tsirrai, da direban da ta ɗauko. Fitata ta farko ke nan daga Mubi tun da na gama takaba. Ina jawo ƙofa hawaye suka zo mini, don a da mijina Malam ne ke tsayawa a zaure yana tambayata ko na ɗauki gorona.

Ga abin da ya fitar da ni. Malam yana da wata jar dawa da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ta yi ido. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya rataye a madafa, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Ta rumbu ta ƙare a jinya, saura ta iri. Ranar sadakar bakwai ɗinsa ina ɗaki ban san inda kaina yake ba, matan dangi suka ga dawa a rataye, suka sauke, suka daka, suka dama kunun sadaka. Har ni aka ba na sha. Sai bayan arba'in na ɗaga kai na ga igiya kaɗai.

Malamar ta taɓa tsinkar ganyen dawar nan ta gwada tun Malam yana da rai. Ta ce kowane abu mai rai yana ɗauke da wani rubutu a jikinsa da ya gada daga iyaye, ido ba ya ganinsa sai na'ura, kuma da shi ake gane wane ne dangin wane. Da na kai mata kukana, na gaya mata Malam ya taɓa ba wani amininsa na Sorau iri. Da damina ta je ta tsinko ganye wuri-wuri a gonakin mutumin, ta kafa turke a kowane wuri, ta aika a gwada. Wuri ɗaya kaɗai ya dace da na Malam. Wayar mutumin ba ta shiga, sai muka kama hanya.

Hanyar Maiha rami ne a kan rami. Duwatsu na hannun hagu, gonaki duk an girbe sai kara a tsaye. Malama na so ta ɗauke mini hankali, ta ce rubutun nan ya nuna dawa ta fi kusa da rake a kan gero. Direba ya ce to shi ya sa tuwon dawa ba ya shiri da furar gero a cikinsa. Na yi murmushi. Shekara hamsin ina ganin gero da dawa kamar wa da ƙane, ashe zumuncin na nesa ne.

A Maiha muka tsaya muka sayi ƙosai, uku naira ɗari, kowanne bai fi kan yatsa ba. Nan wani dattijo ya ji inda za mu, ya ce mu yi sauri, yau bayan azahar ake sakin shanu cikin gonakin da aka girbe, haka manoma da makiyaya suka tsayar. Na ajiye ƙosan. Malama ta ce kada in damu, ai mutumin zai riga ya yanke dawarsa. Amma sai ta ce wa direba mu tashi.

Gaba kaɗan, a bakin wani mayo, wato rafi, babbar mota ta kafe cikin yashi ta tare mashiga. Maza suna haƙa, suna cusa itace, tana ƙara nitsewa. Muka zauna rana na hawa. Ina jan carbi ina ɓata lissafi. Inuwar motarmu ta yi ta matsewa har ta shige ƙarƙashinta. A nan muka yi azahar kafin hanya ta buɗe.

A Sorau muka sami aminin Malam a ƙofar gida. Ya yi mini ta'aziyya. Da malama ta kwatanta masa turken, sai ya riƙe baki. Ya ce ya daɗe da barin wannan iri, wancan gyauro ne da ke fitowa da kansa a bakin gona, bai ma kai masa lauje ba.

Ban san na iya sauri haka ba. Muna isa shanu sun riga sun cika gonar, ana jin ƙarar kara na karyewa. Malama ta nuna can gefe, inda wani farin sa ya sunkuyar da kara yana ci. Na shiga tsakiyarsu, ƙahoni ta ko'ina, mayafina ya faɗi. Na tsaya a gaban san na buɗe hannuwa. Ya ɗago ya yi huci a fuskata.

Makiyayin, wani matashin Bafulatani, ya sheƙo yana cewa, "Dada, fita, zai soke ki!"

Na ce, "Ɗana, wannan kaɗai mijina ya bar mini."

Ya kaɗa sanda ya karkatar da su, ya ciro wuƙarsa ya yanka mini abin da ya rage. Zangarniya tara.

Na dube su ban gane su ba. Ƙanana, a ƙanjame, sun yi baƙi-baƙi. Da ni kaɗai ce, wallahi da na wuce su. Na ce wa malama anya na'urarta ba ta yi kuskure ba? Ta ce wahala ce ta sauya musu kama, amma asalin ɗaya ne. Na murza ƙwaya na tauna. Ɗan baurin nan da zaƙi a ƙarshe. Na zauna a kan kunyar gona na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Mun iso Mubi ana kiran magariba. Tafiyar ta nuna mini cewa idona da na dogara da shi bai san dangi ba idan wahala ta taɓa su, kuma abin da ake so ya rayu ba a ajiye shi a hannu ɗaya. Uku na bar wa aminin Malam, uku na ba malama, uku suna ƙarƙashin matashina. Ban taɓa shuka ni kaɗai ba. Baɗi, in Allah ya kai mu ruwan farko, zan koya.