Alƙalamin Bahaguwa

Ranar wata Asabar cikin watan Oktoba na 2005, kwana ashirin da rasuwar Mama, Baba ya ce in saka takalmi, za mu shiga gari sayen alƙalami. Shekarata goma sha ɗaya. Na saka, na bi shi. A kwanakin nan haka nake, a ce ci in ci, a ce kwanta in kwanta. Matan da suka cika gidanmu na haya a unguwar Glenwood ta garin Greensboro da zaman makoki sun yi ta kallona suna jiran in yi kuka, har Anti Hassana maƙwabciyarmu ta ce zuciyar yarinyar nan ta bushe. Ni dai ban ji komai ba. A cikin bas na zauna jikin taga ina kallon ganyen itatuwa da suka yi ja, da ɗaliban jami'a a kan kekunansu, kamar talabijin da aka kashe wa murya.

Baba mutumin Damagaram ne, kuma a lekol, makarantar bokon da ya yi, yaro bai zama mutum ba sai ya iya riƙe alƙalamin tawada. Kwana biyar yana aiki a kamfanin kujeru, Asabar da Lahadi kuwa barandarmu ta zama ofis, mutanen Nijar su yi layi a kan kujerun roba ya rubuta musu takardu. Alƙalumansa uku ne a cikin wani gwangwanin alawa. Akwai mai siririn baki da baƙar tawada, na cike fom ɗin asibiti da na hukuma. Akwai matsakaici mai shuɗiyar tawada, na wasiƙar boko. Na ukun mai faɗin baki ne, shi da kansa ya goge shi a dutsen wasa wuƙa har ya karkace, da shi yake rubuta ajami ga tsofaffin gida. Biro kam, wanda yake ce wa bik, bai ɗauke shi a bakin komai ba. "Bik na mai sauri ne," in ji shi, "maganar da za ta ƙetare teku ba a yi mata sauri." Aikina shi ne in wanke bakunan a kofin ruwan ɗumi, in share ganyen baranda kafin baƙi su zo, in ba yakuwar Mama ruwa a bokitai bayan gida.

Dalilin fitarmu kuwa Kaka ce, mahaifiyar Mama. Ta yi waya daga Damagaram ta ce namiji shi kaɗai ba ya riƙon 'ya mace a ƙasar da ba dangi, a maido mata da jikarta. Baba ya yi ta ba ta haƙuri har katin wayar ya kusa ƙarewa. A ƙarshe ta ce to, in har yarinyar ba ta ɓace ba, ta rubuto mata takarda da hannunta, da Hausa, da ajami, ita 'yar malamai ce za ta gane. In takarda ba ta gamsar da ita ba, a sa ni a jirgi bayan Sallah. Na san baƙaƙen ajami, Baba ya koya mini. Matsalar ita ce ni bahaguwa ce. A makaranta malamarmu ba ruwanta, da fensir nake rubutu da hagu har gefen hannuna ya yi baƙi. A gida kuwa hagu ba ta taɓa abinci, ba ta taɓa baƙaƙen Larabci.

Shagon yana kan titin Elm, ƙarami, yana warin takarda. Wata tsohuwar Baturiya ta fito mana da alƙaluma a kan ƙyalle, da kwalbar tawada ta gwaji. Baba ya ɗauki wani siriri ya ce wannan zai sa harafi ya rame. Ya ɗauki wani mai kauri ya ce ya yi wa hannun yarinya nauyi. Can ya ga wani ɗan kore mai karkataccen baki, yanka irin na alƙalamin karan da malamai ke fiƙewa, ya ce yauwa. Matar ta dubi gefen hannuna na hagu, ta yi murmushi, ta ce ya iya zaɓe, ai wannan don bahagwai ake yin sa. Baba, wanda yake cike wa rabin unguwa fom da Turanci, ya yi kamar bai ji Turanci ba. Ya miƙa mini alƙalamin a hannun dama.

Mako guda ina fama. Kullum na sauka daga bas ɗin makaranta, in yi wanke-wanke, in zauna a teburin kicin da alƙalami a dama. Haruffa su fito kamar tafiyar kaza, tawada ta ɗiga, gefen hannuna ya bi ta kai ya shafe. Baba ya duba ya ce a sake. Ban yi fushi ba, ban kuma ji tsoron jirgin ba. Ran Lahadi da la'asar, yana baranda da baƙi, sai kawai na mayar da alƙalamin hagu don damata ta gaji. Bakin ya zauna daram a kan takarda, layi ya tafi sumul. Na gai da Kaka, na ce ina zuwa makaranta, na iya dafa shinkafa, yakuwar Mama ta bushe. Na ce ta bar ni wurin Baba, ba shi da kowa. Ina ɗagowa na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Bari ta sha iska kafin ki ninke."

Wani Alhaji mai zuwa gida ya tafi da takardar, bayan wata biyu ya dawo da kaset. Muka sa a rediyon Mama. Bayan doguwar gaisuwa Kaka ta kira Baba da sunana ta ce, "Uban Ramatu, wannan rubutu da hagu aka yi shi, kada ka ce mini a'a. Haka uwarta take jan harafi kafin in ɗaure mata hannu da ɗankwali wata uku. Ban taɓa neman gafararta ba, ga shi ta riga ni. A bar yarinya inda take. A bar mata hannunta." Baba ya kashe rediyon ya fita wurin bokitan yakuwar Mama, ya daɗe bai shigo ba. Ni kuwa na tashi na ɗora ruwan shinkafa, don lokacinsa ya yi.

Yanzu a wani ɗakin magani nake aiki a nan Greensboro, rubutuna duk a kan kwamfuta, sa hannu ma da yatsa ake yi a kan gilashi. Baba ya koma Damagaram, Kaka ta rasu ban taɓa ganinta ba, ajamin kuma ya gudu daga kaina sai kaɗan. Shekara goma sha ɗaya ina kallon Mama tana tuƙa tuwo, tana yi mini kitso da dama, ban taɓa sanin hannun aro ba ne. Da na sani da na tambaye ta ko ya daina yi mata ciwo.