Gafiyawan Bulus da Bencin Baya

Damina goma ke nan da muka binne ƙanena Bulus, malamin firamare, a bayan gidanmu na gado da ke wani ƙauye a hanyar Kwoi. Ba a kaɗa ganga ba, mawaƙa ba su zo ba, matan zumunta ba su ɗaura zanensu iri ɗaya ba. Fasto ya yi gajeriyar addu'a ya hau babur ya tafi. Haka tsarin ikkilisiyarmu yake ga wanda ya mutu yana cikin horo, kuma ina cikin dattawa biyar da suka sa shi horon. Ni ne ma na kai ƙararsa. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Aikina juya layin dogo ne a tashar Kafanchan har na yi ritaya, karatuna bai wuce aji bakwai ba. Mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Bulus yana da wani wasa. A kwalejin horon malamai wani Bature ya taɓa ba su labari cewa a ƙasarsu manyan mutane kan zauna kewaye da tebur, ɗaya ya ƙago duniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, su yi ta tafiya cikin labarin da baki. Bulus bai taɓa ganin ana yi ba, sai ya ƙera nasa. Ya zana taswira a bayan takardar buhun siminti, ya ciro ƙwayar ludo, ya tara marafan kwalba su zama mutane. Ran Asabar, in rana ta yi sanyi, sai su zauna gindin mangwaron da ke bayan gidajen malamai. Ya ce, “Ga kogi ya cika, ga mahaya a bayanku. Me za ku yi?” Wanda ya ce zai tsallaka sai ya jefa ƙwaya. Shida, ya haye. Ɗaya, ruwa ya tafi da shi.

Masu zuwa sun kai takwas, amma biyu ne ba sa fashi. Akwai Luka, ma'aikacin ɗakin shan magani, ɗan ikkilisiyarmu. Akwai Buba, Bafillace makiyayi da rugarsu ke bayan layin dogo, wanda ya koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci da Bulus ke koyarwa. Buba kullum manomi yake zaɓa ya zama jaruminsa. Ya ce yana so ya ji abin da muke ji in saniya ta shiga gona. Luka kuma, don tsokana, sai ya ɗauki makiyayi, ya riƙa kora shanunsa cikin dawar Buba, ana ta dariya. Ni in na wuce sai in girgiza kai. Magidanta da gemu suna wasa da marfin kwalba.

Sai rikicin addini na 1987 ya faɗo wa garinmu Kafanchan. Ba zan maimaita shi ba, waɗanda suka gani sun gani. Abin da ya shafi labarina shi ne gindin mangwaro ya watse. Buba ya daina shigowa unguwarmu. Luka ya ce ba zai ƙara zama benci ɗaya da “mutanen can” ba. Da Bulus ya gwada tara su sau ɗaya, sai wasan ya ƙi. Duk ƙabilar da ke kan taswirar, mutanen dutse ko mahaya ko masu shanu, sai wani ya ga kamar da shi ake. Aka tashi ba sallama.

A lokacin ne Bulus ya ƙago Gafiyawa. Ya sayi sabon littafin rubutu mai baƙin bango, ya yi wata uku yana cika shi. Su Gafiyawa ɓeraye ne masu tafiya da ƙafa biyu, tsayinsu ya kai ƙugun mutum, suna zaune a ramuka ƙarƙashin dukan ƙasashen taswirar. Ba abin da suke ƙauna kamar mutuwa. Yaro in ya balaga a cikinsu sai ya haƙa kabarinsa da haƙoransa, a ciki zai riƙa kwana, kowace shekara yana ƙara gyara shi. Mai neman aure kabarinsa yake nuna wa surukai, ba ɗaki ba. Ba sa raɗa wa ɗa suna sai ranar da ya mutu. In biyu sun haɗu, ɗaya ya ce, “Yaushe?” ɗayan ya amsa, “Ya kusa.” Sarkinsu yana rataye da haƙoran duk sarakunan da suka riga shi. Ba sa noma, ba sa kiwo. In mutanen sama suka yi yaƙi, sai su fito su kwashe gawawwakin ɓangarorin biyu ba tare da tambayar wane ne ba, su yi ƙiba, su hayayyafa. Saboda haka su ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa suna sace akuyar wannan su ajiye a garken wancan, don faɗa ya tashi.

Ba a iya yin su da marfin kwalba, don haka ya ɗebo busasshiyar citta daga buhun da innarmu ta aiko daga ƙauye. Wanda ya taɓa duban citta da kyau ya san wata tana kama da ɓera a tsugune. Ya ɗiga musu idanu da jan biro.

Na tambaye shi wata rana, me ya sa mutum mai hankali zai ɓata dare da rana a kan irin wannan ƙazanta. Ya ce, “Yaya, abokin gaba nake nema wanda ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci. In na samu, Buba da Luka za su zauna.” Na ji maganar da kunnena. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ba zan iya cewa ban sani ba.

Kuma sun zauna. Bulus ya taka har ruga, ya gaya wa Buba cewa ɓeraye sun sace ɗan manominsa, babu kuma mai fitila a duk ƙasar sai makiyayin Luka. Asabar ta biyu Buba ya zo, ya jingine sandarsa a jikin mangwaro. Ba su gaisa da Luka ba. Amma da labari ya kai su bakin rami, Buba ya ce, ba tare da ya dube shi ba, “Kai mai shanun ɓarna, haska mana.” Luka ya jefa ƙwaya.

A waje kuwa magana ta fara yawo. Wata mata ta ga citta mai jajayen idanu jere a kan takarda. Wani ya ji ana cewa “Yaushe?” ana amsawa “Ya kusa,” ga kuma Bafillace a zaune, watanni kaɗan bayan abin da ya faru. A lokacin kowa tsoron ƙungiyar asiri yake yi. Kuma gidanmu yana da tarihi. Mahaifinmu shi ne mai riƙon kayan tsafin dodo a ƙauyenmu kafin ya tuba. Ina da shekara tara aka tara kayan a ƙofar majami'a aka cinna musu wuta, mutane suna waƙa. Duk rayuwata ina ƙoƙarin a manta da wannan. Shekara ɗaya kacal da zaɓena dattijo, sai na fara jin ana cewa jinin mai dodo ba ya ɓuya.

Na je gidan Bulus yana makaranta, na ce wa matarsa Hannatu ya aiko ni. Ta ba ni littafin da taswirar da gwangwanin citta. Ban karanta shi duka ba. Na buɗe, na nemi wuraren da suka fi muni, na naɗe kusurwar shafi.

A gaban fasto da dattawa ni na karanta da bakina: “Mu ba a haife mu don mu rayu ba. Ƙasa ce uwa, kabari ne gida, kuma duk wanda ke numfashi yana kan hanyar zuwa wurinmu.”

Fasto ya ce, “Malam Bulus, ka gaskata wannan?”

Ya ce, “Baba Fasto, ɓera ne ya faɗa, ba ni ba.”

“Wa ya sa maganar a bakin ɓeran?”

“Ni ne.”

“To.”

Bulus ya juyo wajena ya ce, “Yaya, gaya musu abin da na gaya maka.” Na dubi takalmina.

An yanke cewa a ƙone kayan, shi kuma ya tsaya gaban jama'a ran Lahadi ya furta zunubinsa, a yafe masa, magana ta ƙare. An ƙone su a ƙofar majami'a kamar yadda aka yi wa na mahaifinmu. Har yau ina jin ƙamshin, domin citta in tana ci da wuta ƙamshi take yi mai daɗi, kuma yara suka yi ta atishawa ana tsawata musu. Amma Bulus ya ƙi furtawa. Ya ce in ya tsaya gaban Allah ya ce ya yi tsafi alhali bai yi ba, to a ranar ne zai yi zunubin. Sai aka sa shi horo. A wajenmu mai horo ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya waƙa da mawaƙa, kuma wurin zamansa bencin baya ne, kusa da ƙofa, inda kowa zai gan shi da shiga da fita. Mafi yawan mutane in an kai su can sai su daina zuwa, ko su tuba cikin wata guda. Bulus ya zauna a bencin nan kowace Lahadi, da farar rigarsa a goge. Ni ina gaba tare da dattawa, ina jin idonsa a ƙeyata, ko da yake daga baya Hannatu ta ce ba ni yake kallo ba.

Iyaye suka fara cire 'ya'yansu daga ajinsa. Aka mayar da shi wata makaranta can cikin daji wajen Gwantu, inda mota ba ta shiga da damina. A can zazzaɓi ya kama shi a 1989. Kafin a fito da shi a kan keke zuwa bakin titi, ya cika. Ba zan ce horo ne ya kashe shi ba. Amma na san wanda ya juya layin da ya kai shi can, aikina ne na sani.

Yanzu ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. A bakin kasuwa akwai shago inda yara ke layi su danna wata na'ura, suna kashe dodanni a cikin talabijin, har da 'ya'yan dattawa. Gidajen bidiyo suna nuna gawa tana tashi daga kabari, mu manya muna kallo muna cin gyaɗa. Ba a kira taron dattawa ba. Ina jin zai yi dariya, ya tambaya ko su waye ke zama tare a wajen wasan. Sannan zai ga cewa tun bayan tafiyarsa ƙasarmu ta sake jiƙewa da jini ba sau ɗaya ba, unguwanni sun rabu, kowa ya san layin da ba ya tsallakawa. Mun ƙone ɓerayen citta, muka ci gaba da ciyar da na gaske. Ga wannan ba na jin zai yi dariya.

Watan jiya na gamu da Buba a kasuwar shanu. Ya yi furfura. Tun ranar jana'iza ban gan shi ba, ranar da ya tsaya nesa a gindin ɗorawa har aka rufe kabari. Na yi niyyar kauce masa, ya kira ni.

Ya ce, “Yayan Malam, ka tsufa.”

Na ce, “Kai ma ba a bar ka ba.”

Ya ce, “An ce kai ka karanta littafin nan kafin a ƙone.” Na ce haka ne. Sai ya matso, kamar mai tambayar farashin bijimi. “Ranar ƙarshe Malam ya bar mu cikin rami, ni da Luka. Mun sami yaron, amma man fitila ya kusa ƙarewa, ga ɓerayen nan suna zuwa ta gaba da baya. Ya ce akwai hanyar fita, ya riga ya rubuta, sai Asabar. Shekara goma sha ɗaya ina kiwo ina tunani. Ta ina muka fita?”

Ban sani ba. Ban kai shafin ba. Na gaya masa haka. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, da fushi ne ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ashe kai ma ba ka karanta ba.” Ya ɗauki sandarsa ya bi shanunsa.

Me ya rage na Bulus? Taswira ta ƙone, littafi ya ƙone, mangwaron ma an sare shi an yi shago. Luka ya koma Jos. Akwai 'yarsa Alheri, tana da shekara goma sha uku, a gidana take, kuma har yanzu in yara suna son su sa ta kuka sai su ce mata 'yar mai ɓera. Saboda ita na rubuta wannan, don ta sami takardar da za ta nuna. Alheri, ubanki bai yi tsafi ba. Wasa ya ƙago don mutum biyu su sake zama a benci ɗaya, kuma sun zauna. Ya gaya mini tun farko, ni na ɓoye.

An nemi ya tsaya gaban jama'a ya furta laifin da bai yi ba, ya ƙi. Ni ga nawa na furta, na makara da shekara goma sha ɗaya. Lahadin da ta wuce na shiga majami'a na zauna a bencin baya. Mai tsaron ƙofa ya sunkuyo ya ce, “Baba, wurinku yana gaba.” Na ce masa na san wurina. Daga nan ana ganin ƙeyar kowa. A nan za su same ni Lahadi mai zuwa.