Baba da Man Shanu

Ina shiga gida na tarar da Baba riƙe da kwanon man shanu, yana sha da cokali. Farkon samun jihar Kebbi ne, kwananmu uku da dawowa Jega daga asibiti.

Can aka auna ƙarfin jinin cikin zuciyarsa. Likita ya ce ɓangaren hagu yana jinkirin saki bayan kowane bugu, kamar busasshen gugan fata da ba ya cika. Ya hana shi maiƙo da gishiri.

Na ce, "Baba, kashe kanka za ka yi?"

Ya ce, "Ke da bokonki! Shekara arba'in ina ban ruwan albasa. Guga in ya ƙeƙashe, mi aka shahwa mai?"

Raina ya ɓaci, na fizge kwanon. "Shafawa ka ce. Ka taɓa ɗura wa guga mai a ciki?"

Sai ya miƙo cokalin. "To, shahwa min ga ƙirji."

Na shafa masa, sannan ya yarda ya haɗiyi ƙwayar maganinsa.

Tsofaffinmu dai sai lallashi. Ku naku wane gyara ya taɓa yi wa likita?