Mimi Carsinah Tana Nan

Kafin ladan ya kira asuba a Tegaluyah, ƙauyenmu na bakin teku, Mimi Carsinah ta riga ta tashi, don tari ba ya barinta ta wuce wannan lokacin a kwance. Takan yi salla, ta sha shayi, sannan ta zagaya bayan gida ta ciro farin mayafin da ta wanke ta shanya jiya da yamma. Na ce fari ne don a fari ta saye shi. Kwana ɗaya a kan igiya ya ishi tokar tashar kwal ta dusashe shi, ta yi masa ɗigo-ɗigon baƙi. Ba ta kakkaɓewa. Haka take yafa shi, ta ƙunshe shinkafa da ɗan soyayyen tempe, wato curin waken soya, a ganye, ta taka a hankali zuwa bakin titi ta jira bas ɗin farko mai shiga gari.

Majalisar gunduma take zuwa. Ba 'yar majalisa ba ce, ba ta shara a can, ba ta sayar da komai. Mai gishiri ce, 'yar masu gishiri, kuma mai gishiri ta aura. Zuwa take ta zauna a bencin baƙi, can bayan zaure, ƙarƙashin fankar da ta daɗe da mutuwa, tun daga buɗe zama har a buga guduma a watse. Ta fi shekara goma tana wannan zaman, duk ranar da majalisa ta zauna. Yanzu likita ya ce ya isa haka, ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar hanyar ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun tana iya jin abin da za a faɗa a kanta.

Lokacin da aka gina tashar lantarkin a gefen fadamun gishirinmu, an ce mana haske ya zo. Hasken ya bi manyan wayoyi ya wuce birni, tokar ta tsaya a wurinmu. Tulin kwal da jiragen ruwa ke saukewa yana nan a fili ba rufi, ramin zuba toka ma haka, iska tana kwasa tana raba mana gida-gida. Masu sayen gishiri sukan damƙa su buɗe hannu su ce, "Wannan gishiri ne ko masoro?" Yara suka fara tarin da ba ya jin magani. Sai mutanen gari suka haɗu suka kai koke majalisa, kowa ya dangwala yatsa. Ba mu ce a rushe tashar ba. Cewa muka yi a rufe tulin kwal da ramin toka, kuma a duba ƙirjin yaranmu.

Majalisa ta karɓa, ta sa shi a sahun abubuwan da za a duba. To amma gidan yana da ƙa'idarsa. Shugaba yana iya kiran koke a kowane zama, ba sanarwa, kuma idan aka kira babu ko ɗaya daga masu koken da ya amsa, koken ya mutu ke nan. Daga baya kuma aka mayar da duk sabon ƙorafi kan tashar zuwa babban birnin ƙasa, inda ba mu da kowa. Wannan tsohon koken shi kaɗai ya rage mana. Idan ya faɗi, ba mu da sauran ƙofa.

Da farko bas-bas muke cikawa. Sannu a hankali aka ragu, kuma ban zargi kowa ba. Mai gona yana da gona, mai jirgi yana da teku, wasu kuma 'ya'yansu sun sami aikin gadi a tashar, baki ya yi nauyi. Aka wayi gari benci ya zama na mutum ɗaya.

A gidan an hana baƙo ɗaga kwali, an hana shi magana, an hana shi tafi. Mimi ta duba ta ga ba dokar da ta hana mace yafa mayafinta. Rohidin, mai gadin ƙofar majalisa, ya ce ranar da ya fara lura da shi sai da ya tsokane ta.

"Mimi, sabulu ya yi tsada ne a ƙauyenku?"

"Jiya na wanke shi, ɗan nan. Zo ka kwana a gidanmu ka shanya wannan rigar taka, mu ga kalarta da safe."

"A'a, ni dai ina son huhuna."

"Mu ma ba a bola muka tsinci namu ba."

Tun daga ranar yake ajiye mata ruwa a ƙarƙashin teburinsa.

Abin da kunnenta ya sha a zauren nan, Allah kaɗai ya sani. Ta ji an kwashe wuni ana gardama a kan fentin ƙofar gari, kore za a shafa ko shuɗi. Ta ga ranar da aka tattauna sayen sababbin motocin 'yan majalisa, ranar ko kujera ɗaya ba ta yi saura ba. Ta ga ana raba musu kwalin ƙwalama da hantsi, kuma da an raba sai kujeru su fara yin fili, wannan ya fita amsa waya, wancan ya fita alwala, shi ke nan sai gobe. A irin wannan lokacin ne ake kiran kokenmu, wani sa'in sau biyu a wata, wani sa'in a shafe damina ba a tuna da shi ba. Magatakarda zai karanta, ita kuma ta miƙe ta ce, "Ina nan." Nan take wani zai tashi ya ce, "Mai girma shugaba, ba mu cika ba." A ƙirga kawuna, a ɗage zuwa wani zama, a buga guduma. Ta naɗe ganyen shinkafarta ta nufi tashar mota.

Aikin ke nan. Kalma biyu, da zaman jiran ranar faɗinsu.

A gida ma ba a bar ta ta huta ba. Yu Taskem, maƙwabciyarta da ɗanta ke gadi a tashar, takan leƙo ta katanga da sassafe.

"Yau ma majalisa? To idan an ba ki minista ki tuna da mu talakawa."

"Ai ke zan fara naɗawa. Shugabar masu tari ta ƙasa, kin fi kowa gwaninta."

Sai su yi dariya, dariyar ta juye tari, kowacce ta riƙe katanga har ya lafa.

Wanda bai taɓa yi mata ba'a ba shi ne mijinta, Mang Darkim. Shi yake goya ta a keke zuwa bakin titi, ya koma ya yi aikin mutum biyu a fadama, yana jan gishiri da katako cikin rana, tokar tana sauka a bayansa. Ƙirjinsa ya riga nata gajiya. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa tokar ce ta kashe shi ba, rai na Allah ne. Amma duk unguwa ta ji yadda yake jan numfashi a watanninsa na ƙarshe. Da ta ce za ta daina zuwa ta zauna jinyarsa, sai ya ɗaure fuska.

"Ki zauna ki yi min me? Ki taya ni tari? Idan suka kira ba kya nan, duk wanda na yi a baya ya tashi a banza. Tashi ki tafi."

Ya rasu ranar Juma'a, aka kai shi bayan an sauko daga masallaci. Ranar Litinin majalisa za ta zauna, ita kuwa ta shiga takaba, gida cike da masu gaisuwa, ana ta dafa shinkafar sadaka. A garinmu mai takaba ko bakin ƙofa ba ta tsayawa. Mimi ta aika aka kira mata Kiyai Bunyamin, limaminmu, ta yi masa magana ta bayan labule.

"Kiyai, mai takaba tana fita?"

"Idan akwai lalura, da rana, ta dawo kafin magariba."

"Numfashi lalura ne?"

Kiyai shi ne mutumin da yake share barandar masallaci kafin kowace salla, don kada goshin mutane ya yi baƙi. Sai ya ce, "Je ki, Mimi. Ki dawo da wuri."

Ta tafi, gari kuwa ya ɗauka. Aka ce ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba ta shiga mota. Ƙanwar mijinta ta kwashe tukwanenta daga gidan makokin ta fita, kuma har yau ba ta ƙara yi mata magana ba. Wannan ya ci Mimi a rai fiye da yadda take nunawa, domin tare suka tashi.

Pak Kusnadi, magatakardan majalisa, shi ya ba ni labarin abin da ya faru ranar. Ya ce ana gama addu'ar buɗe zama aka miƙo masa kokenmu ya karanta, tun kafin komai.

"Ni ban ce wani ya ji labarin rasuwar ba," in ji shi. "Na dai ce tun da nake aiki a gidan nan ba a taɓa kiran koken a farkon zama ba sai ranar."

Ya karanta kansa a sunkuye, bai ko dubi benci ba, don shi ma ya ɗauka ba kowa. Shugaba ya riga ya ɗaga guduma. Sai ga murya daga baya, a dishe saboda kuka: "Ina nan." Sannan wani ya tuna cewa ba su cika ba, ko da yake Pak Kusnadi ya ce a ganinsa ranar sun cika har da ƙari.

Mimi, ke ce kika bar tabarmar makoki kika je kika amsa mana. Ke ce kika sayi baƙin jini a dangin mijinki saboda ƙirjin yaran da ba ke kika haifa ba. Uwar benci, mai mayafin toka. Ba zan yi miki ƙarya ba, ke ma ba za ki yarda ba: ba ki ci nasara ba. Tulin kwal yana nan ba rufi, ramin toka ya ƙara faɗi, ba a duba yaro ko ɗaya ba. Shugabanni sun zo sun tafi, zaɓe ya kawo sababbin fuskoki masu tsohon hali. Abu ɗaya kika hana, kin hana a ce mutanen Tegaluyah sun haƙura. Wannan yana sa ni alfahari, kuma yana sa ni baƙin ciki, domin bai kamata a ce ran mutum guda ne kuɗin ajiye takarda a kan tebur ba.

Zuwanta na ƙarshe a watan jiya ne, lokacin da iskar teku ta fi kwaso ƙura. Muryarta ta riga ta tafi. Aka kira koke, ta dafa benci ta miƙe, ta buɗe baki, sai tari ya sarƙe ta. Sabon shugaban bai san ta ba. Ya duba zaure ya ce, "Babu mai koke?" Ya kai hannu ga guduma.

"Tana nan, mai girma shugaba," in ji Pak Kusnadi.

"Ban ji an amsa ba."

"Wannan tarin nata ne. Na daɗe ina jinsa."

"Ƙa'ida ta ce a amsa."

"Ƙa'ida ta ce mai koke ya nuna yana nan. Duk zauren nan ya ji ta."

Shugaba ya dubi tsohuwar da ta dunƙule a kan benci, ya sauke hannunsa. Aka ɗage zuwa wani zama. Rohidin ne ya bar ƙofarsa ya ɗauke ta cak zuwa mota, daga nan sai asibiti. Pak Kusnadi kuwa a ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, wanda zai gaje shi bai san tarin kowa ba.

Majalisa ta tafi hutu bayan wannan zaman, shi ne abin da ya cece mu zuwa yanzu. Shekaranjiya muka je gaishe ta a gida, mu da yawa, duk waɗanda suka dangwala yatsa a koken, kuma kowanenmu yana da ikon amsawa kamar yadda take da shi. Tana jingine da bango, da robar iska a hancinta. Muka yi ta yi mata godiya, ana cewa Allah ya saka, Allah ya ba da lafiya. Ta bari muka gama, sannan ta yi magana can ƙasa-ƙasa, sai da muka matsa.

"Litinin za su dawo. Wa zai je?"

Kowa ya sami abin kallo a kan tabarma. Yu Taskem ce ta iya buɗe baki.

"Kin san yaron nan nawa, idan aka gan ni a can..."

"Na sani. Ban ce ke ba." Ta huta, ta ja numfashi. "Ba wuya fa. Ka zauna, kada ka yi gyangyaɗi. Kada ka sha ruwa da yawa. Idan ka ga an raba kwalin ƙwalama, ko fitsari ya matse ka kada ka fita, lokacin suke kira."

Mun gode, Mimi Carsinah. Allah ya sassauta miki numfashi, ya jiƙan Mang Darkim, ya sanyaya zuciyar ƙanwarsa. Ku kuma mutanen Tegaluyah, da duk wanda tokar wata tasha ke sauka a kan shinkafarsa, godiyar baki ta isa haka. Ba a neman mai ilimi, ba a neman mai iya jawabi. Mutum ake nema da zai zauna a benci, a kira, ya ce yana nan. Mu yi karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan, don kada a sake samun wanda zai ƙare shi kaɗai a kan katakon nan.

Da muka fito, na bi ta bayan gida. Duk da likita ya hana ta taɓa ruwa, ta lallaɓa ta wanke mayafin ta shanya. Yana kan igiya, fari tas, toka ta fara sauka a kansa. Bas ɗin farko yana tashi bayan sallar asuba.