Ranar da Madam Ta Ɓata Amsar Tatsuniya

Shekarar da Baba ya rasu a bakin aikinsa na reluwe, aka kai Inna asibiti a Kaduna, ciwo ya taɓa mata hankali. Ni kuma bakina ya mutu. Ina ɗan shekara bakwai, na yi wata biyar ban ce wa kowa uffan ba. Daga ni sai Kaka, wadda ta baro gonarta a Gwada ta zo ta zauna da ni a ɗakinmu na bayan tasha a Minna.

Kullum bayan magariba takan zauna a bakin murhu ta ce, "Maigida, ga ta nan." Sai ta jira, don tatsuniya ba ta fitowa sai an amsa. In ƙura wa garwashi ido, ita ta ƙura mini, har wutar ta mutu. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan jiran ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Banufiya, ana ce mata Madam. Duk Alhamis sai ta zo ta duba abincina da makwancina, ta yi rubutu. Da kunnena na ji ta gaya wa Kaka cewa in wata ya ƙare ban yi magana ba, ofis zai mai da ni gidan renon yara.

Alhamis ta ƙarshe ba ta tafi da la'asar ba. Ta jawo kujera ta zauna har magariba. Kaka ta ce, "Ga ta nan." Madam ta washe baki ta ce, "Ya zo mu ji shi!"

Haba! Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ta zo mu ji ta ake cewa!"

"To, ai ka amsa," in ji Kaka. "Sai ka saurara."

Ta ba mu labarin wani yaro da ya zuba muryarsa a tulu ya rufe, wai sai uwarsa ta dawo daga tafiya zai buɗe. Uwar ta dawo cikin duhun hadari, tana bin gida-gida tana kiran sunansa. Ta zo ƙofarsu ta kira sau uku, shiru, sai ta wuce.

"Ta dawo daga baya?" na tambaya.

"Yo wa ya sani? Kai dai in an kira ka, ka amsa."

Ba a ɗauke ni ba. Inna kuwa ba ta dawo ba, a can ta cika.

Sai da na yi aure Kaka ta gaya mini cewa a Kano Madam ta girma, Hausa a bakinta kamar ruwa. Da gangan ta ɓata amsar. Na neme ta a ofis, aka ce ta daɗe da rasuwa.

Yanzu ina unguwar Maitumbi ni kaɗai, yara sun watse. Wani lokaci bayan magariba nakan ce, "Ga ta nan," in yi shiru ina jira, ko da wanda zai amsa ba daidai ba ne.