Tsohon Zanen Zuwaira a Kan Tudun Rairayi

Abdurrazak mutumin Damagaram ne, tela ɗan tela. Shekararsa ashirin da biyu a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, a wani ɗan shago a unguwar Tahaggart, yana ɗinka wa 'yan Nijar kayan salla. Abin alfaharinsa shadda ce mai ƙyalli, wadda in mutum ya motsa sai an ji ƙararta. Tsohon yadi kuwa ko kallo bai ishe shi ba. In aka kawo masa faci, sai ya ce kekensa ba lafiya.

Wata rana maƙwabcinsa Salifu kafinta ya shigo da katakai biyu, dogaye, sirara, masu lanƙwasasshen baki.

"Malam Abdu, wannan shi ake kira ski. Turawa ke hawa su sulale a kan ƙanƙara."

"To ina ƙanƙarar?"

"Rairayi ma ya isa. Wani mai kai baƙi yawon tuddai ne ya sa ni, amma ya ce katako tsirara ba ya kyau a hoto. So nake ka yanko mini yadi in shimfiɗa a kai, in zuba rezin. Wani ruwan danƙo ne, yana daskarewa kamar gilashi."

Abdurrazak ya ciro shuɗiyar shaddar da ta fi kowace kyau. Bayan kwana biyu Salifu ya kira shi ya zo ya gani. Sitaci ya hana rezin shiga, yadin ya yi bororo kamar ƙunar wuta, shuɗin kuma ya zuba ya ɓata katakon. Suka gwada farin yadi, ya ɓace ɓat, katako kawai ake hange ta cikinsa.

Haka Abdurrazak, wanda rabonsa da wanki tun yana saurayi, ya koma tsugunno gaban baho. Sai ya wanke sabuwar atamfa sau uku da ruwan zafi har ƙyallin ya mutu, ya shanya a inuwa, ya goge ba sitaci, sannan ya bi ta yana tsince zare da ƙura. Masu wucewa suka fara tambaya ko matarsa Zuwaira ta yi yaji ne.

Ita Zuwairar ce ta gaji da ganin ana kashe sabon kaya. Ta jefo masa wani zane da ta daina ɗaurawa, har ta fara sauke tukunya da gefensa.

"Ungo, Malam. Wannan shekararsa goma yana shan wanki."

Don ya kashe bakinta kawai ya kai wa Salifu. Rezin ya ratsa zanen tsaf, ko kumfa ɗaya babu. Furannin da suka koɗe suka dawo jajawur.

"Wallahi zanen nan yana da kyau," in ji shi da ya dawo gida.

"Yau ka gani? Da yake jikina ina idonka yake?"

Tun daga nan yake bin gidajen unguwa yana sallama, yana roƙon tsofaffin zannuwa. Yakan zare silin zare ya ƙona: in ya zama toka, auduga ce, ya karɓa, in ya dunƙule, roba ce, ya mayar da godiya. Matan suka gano lagonsa, yanzu sai an lallashe su suke fito da tsumma.

Sau ɗaya ya yarda ya hau abin da kansa, ranar da suka raka baƙi wani tudu. Ya miƙe tsaye kamar na daƙiƙa uku, sannan ya gangaro a dunƙule, hula gabas, takalmi yamma. Yana kwance, baki cike da rairayi, ya hango Salifu ya sheƙo a guje, sai ya ji daɗi a ransa. Salifu ya tsallake shi, ya ɗauki katakon yana juya shi.

"Alhamdu lillahi, Malam Abdu! Ko ƙwarzane bai yi ba."